Harajin kwana a tsibirai: kuɗin nan na isa ga mutanen gari kuwa?

Maman_Ilham:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Ina da tambaya, tun a jirgi take cin raina.

Ranar Talata muka dawo Jos daga Zanzibar ni da Baban Ilham, tafiyar da muka yi shekara 3 muna tara kuɗinta. Tun muna nan muka biya kuɗin masauki gaba ɗaya, har da abinci. Ranar dawowa mun sauko da akwatuna, mai mota na jira a ƙofa, sai yarinyar da ke karɓar baƙi ta turo mana takarda, wai da sauran dala 60. Harajin kwana ne na gwamnati, dala 5 a kan kowane mutum kowane dare, mu biyu, dare 6. Ga kuma dala 44 da kowannenmu ya riga ya biya na inshorar dole kafin mu shiga tsibirin. Ran Baban Ilham ya ɓaci sosai, ya dai biya muka fito.

Ni kuwa wani abu ne ya tsaya mini a zuciya. Kullum in na fito da sassafe ta bayan masaukin, wajen ƙauyen Nungwi, sai in tarar mata sun jera jarkoki rawaya a bakin famfo guda ɗaya, wasu da goyo, layin har ya sha kwana. Tsakaninsu da katangar otal ɗinmu bai fi taku 50 ba. A cikin katangar ana ba ciyawa ruwa da tiyo, ga tafkin wanka cike fal. Wallahi sai na tuna Anguwar Rogo a watan Maris, lokacin da rijiyoyi suka ƙafe muke bin 'yan garuwa da roƙo.

To don Allah masu sani, irin wannan kuɗin da ake karɓa a tsibirai yana amfanar mutanen wurin, ko dai kura da shan bugu ne gardi da kwashe kuɗi? In yana isa ga matan nan, na yafe har zuciyata.

Tikiti_Terminus:
Wa alaikumus salam Hajiya, sannunku da hanya. Aikina ke nan, sayar da tikiti da kama wa mutane masauki. Laifin farko na wanda ya shirya muku tafiyar ne, kamata ya yi ya faɗa muku tun kafin ku tashi. Yawancin wuraren nan ba sa haɗa harajin a cikin kuɗin ɗaki, a hannu ake biya ranar shiga ko ranar fita. Inshorar dala 44 ɗin ma tun 1 ga Oktoba 2024 ta zama dole. Kuma ba Zanzibar kaɗai ba ce. Duk ɗan kasuwarmu da ke zuwa Dubai yana biyan irinsa tun 2014, dirhami 7 zuwa 20 a kan ɗaki kowane dare gwargwadon darajar otal, sai dai da yawa ba sa duba rasit.

Dan_Gangare:
Ni ban yarda da abin ba ko kaɗan. Mutum ya biya jirgi, ya biya ɗaki, ya ci abinci, ya hau tasi, ya sayi tsaraba, duk a garinku kuɗin ya zauna. Sannan ku ce ya biya kuɗin barci? Mu da muka taso ana ce mana baƙonka annabinka. Haraji da jangali ma da iyayenmu suka sha wahalarsu, sai da Abubakar Rimi ya soke su a Kano a 1979, Balarabe Musa ya soke a Kaduna, talaka ya numfasa. Harajin kai ne wannan aka canza wa suna.

Malama_Rikkos:
Dan_Gangare, cewar da ka yi duk a garin kuɗin ke zama, a nan muka rabu. Hajiya ta ce tun daga nan suka biya masauki da abinci. Wannan kuɗin ya tafi asusun kamfanin da ya mallaki otal, sau da yawa kuma mai kamfanin ba ɗan tsibirin ba ne, wani lokaci kuɗin ko taka ƙasar bai yi ba. Jirgin da ya kai su na wata ƙasa ne. Da yawa daga abin da suka ci a kwantena aka shigo da shi. Abin da ya rage wa ɗan gari shi ne albashin shara da wanki, da ɗan cinikin bakin teku.

Ɗawainiyar kuwa a kansa take. Tsibiri ba kamar Jos ba ne da in ruwan Lamingo ya yi ƙasa za a iya jawowa daga wata madatsa ko a turo tanka daga Bukuru. Ruwan daɗin tsibiri ɗan kaɗan ne a ƙarƙashin ƙasa, yana kwance a kan ruwan gishiri. In otal-otal suka haƙa burtsatse suka zuƙe shi da injin, ruwan teku ne ke kutsowa, rijiyar ƙauye ta koma zartsi. Shara ma haka, ba dajin da za a kai ta. Baƙo ya yi mako guda ya tafi, robar ruwan da ya sha tana nan shekara da shekaru. Saboda haka ni a ganina asalin harajin daidai ne. Jangali an karɓa ne a hannun ɗan gari a kan dukiyarsa. Wannan ana karɓa ne a hannun wanda ya zo da ƙafarsa don hutu, domin gyara abin da zuwansa ya ɓata. Tambayar Hajiya ita ce ta gaskiya: ina kuɗin ke zuwa?

Dan_Gangare:
Malama na ji bayanin ruwan, kuma na karɓa. Amma ai kin dawo kan maganata. An karɓi dala 5, mata na kan layi. To me aka yi?

Injiniya_Shere:
Bari in kawo misalin inda na gani da idona. Na yi wata 8 a Maldibs a aikin ruwan sha da magudanar ƙazanta. Ƙasar Musulmi ce, tsibirai kusan 1,200, yawancinsu ƙasar ba ta fi mita 1 ko 2 a saman teku ba. Sun fara harajin da suke kira na muhalli a Nuwamba 2015, dala 6 a kan kowane baƙo kowace rana a manyan wuraren shaƙatawa. Daga baya aka sa wa ƙananan masaukai dala 3. Daga Janairu 2025 aka ninka, ya koma 12 da 6. 'Yan ƙasa ba sa biya.

Abin da ya burge ni, an ware wa kuɗin asusu na musamman tun 2019, kuma ma'aikatar kuɗi kan fitar da lissafin abin da ya shiga da abin da ya fita. Kaso mai tsoka na tafiya ne a ruwan famfo, magudana, kwasar shara da kare gaɓar teku a tsibiran da talakawa ke zaune. Tsibirin da na yi aiki, kafin a kawo injin tace ruwan teku, kowane gida da baƙin tanki yake tara ruwan sama daga rufi. In rani ya tsananta sai an kawo ruwa a jirgi daga wani wuri. Ranar da muka buɗe famfo wata tsohuwa ta tara hannu biyu ta sha, ta sake tarawa ta shafa a fuska, ta daɗe a tsaye ba ta ce komai ba. Ban manta da ita ba.

Ban ce an gama komai ba. Kusa da Male babban birninsu akwai Thilafushi, wurin da tun 1992 ake jibge shara a cikin ruwa har ta zama tsibiri. Lokacin da nake can, in iska ta juyo kana hango hayaƙinsa daga nesa. Sharar wuraren hutun nan masu kyau a hoto, can ake kai da yawa daga cikinta.

Maman_Ilham:
Allah sarki tsohuwar nan. Injiniya ka sanyaya mini rai. Ashe dai ana iyawa in an so.

Baba_Mai_Masauki:
Ku bari ku ji daga bakin mai karɓa. Shekarata 19 ina riƙe da ƙaramin masauki mai ɗaki 14 a nan Jos. Duk harajin da aka ce baƙo ne zai biya, mu ne ke shan zagin. Yarinyar da ta miƙa wa Hajiya takarda ko sisi ba ta da shi a ciki, amma ita aka ɗaure wa fuska.

Sannan ku lura da wani abu. In aka ce kuɗi kaza ne a kan kowane kai, ba a duba tsadar ɗaki ba, ƙaramin masauki ne ke kwana ciki. Dala 5 a kan ɗakin dala 500 ba a ma jin ta. A kan ɗakin dala 25 kuwa kashi 20 cikin 100 ne. Kuma ƙananan masaukan nan su ne na 'yan gari, su ke sayen kifi a hannun masunci na unguwa, su ke ɗaukar ɗan maƙwabci aiki. Shi ya sa na ji daɗin abin da Injiniya ya ce, cewa an raba harajin gida biyu, na manyan wurare daban na ƙananan masaukai daban.

Na uku, wanda ya fi ci mini tuwo a ƙwarya: mu masu rajista da allo a ƙofa mu ake samu. Ni ina tura harajin kaya na kashi 7.5, ga masu rasit kala-kala da ke zuwa, wani wata har rukuni uku. Wanda ya gyara gidansa a Rayfield yana ba da shi kwana-kwana ta intanet, ba allo ba rajista, ba mai taka ƙofarsa. In a tsibiran ma haka ne, to an hukunta mai gaskiya ke nan.

Ummi_Bukuru:
Baba gaskiya ka faɗa. Allah ya ƙara buɗi.

Sadauki_Palma:
Baba_Mai_Masauki ya taɓo inda ke mana ƙaiƙayi. Ni ɗan Dilimi ne, shekara 11 ina aiki a ɗakin girkin otal a tsibirin Mayorka, ƙasar Sifaniya. A nan an taɓa gwada harajin a 2002, masu otal suka yi ca, da gwamnati ta sauya a 2003 aka soke. Aka dawo da shi a Yuli 2016, aka ninka a 2018. Tsarin da aka ninka ɗin, daga Mayu zuwa Oktoba yuro 1 zuwa 4 ne a kan mutum kowane dare, da sanyi a rage sosai, daga dare na 9 a biya rabi, yaro ƙasa da shekara 16 ba ya biya.

Lokacin da za a kawo shi an yi ta cewa baƙi za su gudu. Ba wanda ya gudu. A 2024 sama da mutum miliyan 18 suka zo tsibiranmu huɗu, wato Mayorka da maƙwabtanta uku, alhali mazauna kimanin miliyan 1.2 ne. Bature da ya biya yuro 1,000 don hutu ba zai fasa saboda yuro 28 ba. Don haka duk wanda ya ce muku harajin kwana na rage cunkoso, ku ce ya zo Palma, babban birnin Mayorka, a watan Agusta.

An yi ayyuka da kuɗin, ban musa ba: gyaran bututun ruwa, sayen filaye don kare daji, gyaran tsofaffin gine-gine. Lokacin korona kuma aka karkatar da shi wajen annobar, mutane suka yi ta ƙorafi. Amma babbar damuwarmu gida ce. Mai gida ya gane abin da zai samu a hannun baƙi cikin mako guda ya kai abin da zan ba shi a wata. Ni da iyalina sau 3 muna tashi cikin shekara 6. A tsibirin Ibiza da ke maƙwabtaka da mu akwai ma'aikatan otal da ke kwana a mota da tanti, suna da albashi amma ba ɗaki. Abokin aikina ɗan Senegal a bayan motarsa ya yi bazara guda, da safe ya yi wanka a wurin aiki ya ɗaura farar riga ya shiga yi wa mutane hidima. Yuro 4 ba ta maganin wannan.

Ummi_Bukuru:
Innalillahi. Kamar dai yadda haya ta gagari mutane a unguwannin da ke kusa da jami'a, kowane mai gida ya yanka ɗakuna ya ba ɗalibai.

Sadauki_Palma:
Haka ne ƙanwata, sai dai ku in haya ta kore ku kuna iya matsawa gaba ku riƙa shigowa a keke. Mu in ka matsa sai teku.

Dan_Gangare:
To kun gani. Bai rage baƙi ba, bai sauke haya ba. Na ce a soke, kun ce a'a.

Malama_Rikkos:
Ka tambayi mutanen tsibiran Kanari, su ma na Sifaniya, ko suna so a soke. Su ba su da shi a matakin yanki. Ranar 20 ga Afrilu 2024 dubun dubatarsu suka fito tituna, kuma cikin abin da suke nema har da a sa wa baƙi harajin muhalli, a kuma taƙaita sayar wa 'yan waje gidaje. Masu wurin ne da kansu ke roƙon a karɓa. In an soke a Mayorka, hayar Sadauki ba za ta sauko ba, bututun ne kawai zai rasa mai gyara.

Alaramma_Yan_Shanu:
Ina so in gyara wani abu a maganar ɗana Dan_Gangare, da alheri. Girmama baƙo wajibi ne, kuma hadisi ya nuna liyafa kwana 3 ce, abin da ya wuce haka sadaka ne. Amma baƙon da ake nufi shi ne wanda ya sauka a gidanka. Wanda ya kama ɗaki da kuɗinsa ciniki ne tsakaninsa da mai ɗaki, hukuncin ciniki ke hawa kansa. A ciniki kuwa sharaɗi ne a san farashi kafin a ƙulla. Saboda haka ɓacin ran Baban Ilham yana da hujja, tunda sai a bakin ƙofa aka faɗa masa.

Game da karɓar kuɗin, malamai sun yi magana a kan abin da hukuma ke ɗora wa mutane don buƙatar jama'a. Waɗanda suka halatta sun sa sharuɗɗa: buƙatar ta zama ta gaske, a karɓa da adalci gwargwadon hali, a kashe a inda aka ce. In an karɓa da sunan ruwa, to ruwan amana ne a wuyan wanda ya karɓa. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Dan_Gangare:
Na gode Alaramma, Allah ya ƙara sani. Na janye maganar baƙo. Ta amana ce ban janye ba.

Nas_Hauwa_Abadin:
Akwai gefen da ba wanda ya taɓo, kuma shi ya fi damuna saboda aikina. Ina aikin jinya a Abadin, arewacin Sikotland. Asibitinmu ne ke karɓar marasa lafiya daga tsibiran Shetland da Orkney in ciwon ya fi ƙarfin asibitinsu. Jirgin ruwa daga Shetland dare guda cur yake yi a hanya. Mace mai cikin da ake jin tsoronsa sai ta zo ta zauna kusa da asibiti kafin lokacinta. Mai zuwa ganin likita na awa ɗaya sai ya kwana biyu saboda jirgi, in iska ta tashi ya ƙara. Ɗan rakiya ma dole ya kama ɗaki.

A 2024 majalisar Sikotland ta yi dokar da ta ba ƙananan hukumomi damar sa harajin kwana. Edinbara, babban birnin Sikotland, ta riga ta tsayar da kashi 5 cikin 100 daga Yuli 2026. Nan take mutanen tsibirai suka ce, mu fa? Mu da kwana a wani gari ba hutu ba ne, larura ce? Ko a cikin tsibiran nasu, mutumin ƙaramin tsibiri in ya shigo babban garinsu don asibiti ko jana'iza, a masauki yake kwana. Ma'aikacin da aka kira ya gyara injin jirgi ko wutar makaranta shi ma haka. Harajin da aka ce na 'yan yawon buɗe ido ne sai ya dawo kan ɗan gari. Wannan na cikin dalilan da suka sa hukumomin Shetland da Orkney ba su ɗauki tsarin ba.

Na taɓa zama da wata dattijuwa da ta rako mijinta, tana lissafin kwanakin masauki a bayan takardar magani. Duk wanda zai tsara irin wannan haraji, ina ma ya ga hannunta yana rawa a kan takardar nan.

Dalibi_Langkawi:
Anti Hauwa, a Malesiya sun kauce wa wannan. Na yi karatu a can. Tun Satumba 2017 ringit 10 ne a kan ɗaki kowane dare, amma baƙon waje kawai ke biya, ɗan ƙasa ya nuna katinsa ya wuce. In mun je tsibirin Langkawi da abokaina 'yan ƙasar, ni ake cajin, su a'a, kuma ban taɓa jin haushi ba.

Sadauki_Palma:
Mu a nan kowa na biya. Ɗan Mayorka in ya kwana a otal a garinsu sai ya biya kamar Bajamushe.

Bagunge_a_Jos:
Tun ɗazu nake karatu ina jin kamar da mu ake. Ni asalina Yawuri ne, kakannina mutanen gungu ne, wato tsibiran cikin kogin Kwara, shi ya sa ake ce mana Gungawa. Da aka gama madatsar Kainji a 1968 ruwa ya cinye gungu da yawa, har da Foge babba, aka kwashe dubban mutane zuwa tudu. Waɗanda suka rage har yau kwalekwale ne motarsu, shi ne motar asibitinsu.

Abin da nake so ku duba: lokacin bikin Rigata baƙi na cika Yawuri. Wasan ruwan da suke zuwa kallo na mutanen ruwa ne, jiragen nasu ne, gwanintar tasu ce. Amma ba baƙon da ke kwana a gungu. A gari suke kwana, wasu ma su juya a ranar. To da a ce za a sa harajin kwana, wa zai samu? Garin da ke da otal. Mai gungu da ya yi wasan ba ya cikin lissafi. Harajin kwana yana bin gado ne, ba ya bin inda ƙafa ta taka.

Injiniya_Shere:
Bagunge ka kawo magana babba. Matsalar tsibirin Santorini ke nan a Girka. Mazauna kimanin 15,000 ne, amma akwai ranakun da masu saukowa daga manyan jiragen ruwa na shaƙatawa ke haura 10,000. Su cika lunguna, su yi amfani da ruwa da banɗaki, su bar shara, da yamma su koma jirgi su ci abinci su kwanta. Ba su kwana a tudu ba, don haka harajin kwana bai hau kansu ba. Sai a 2025 aka sa musu nasu daban, yuro 20 a kan mutum a tsakiyar bazara a Santorini da Mikonos.

Kuma Girka misali ce ta ɗaya matsalar. Bayan gobarar dajin Rodos da ambaliyar 2023 suka mayar da harajin masauki na tunkarar sauyin yanayi, yanzu yana kai yuro 15 a kan ɗaki a manyan otal. Amma baitulmalin gwamnatin tsakiya yake shiga. Tsibirin da aka tara kuɗin a cikinsa sai ya jira a yi masa rabo daga Atina, babban birnin ƙasar.

Baba_Mai_Masauki:
Wannan kam mun san shi. Kuɗi in ya tafi sama, dawowarsa sai addu'a.

Kawu_Farin_Gada:
Ni tambayata, mu Filato da ake wa kirari da gidan zaman lafiya da yawon buɗe ido, me zai hana a yi mana irinsa? Legas tun 2009 take karɓar kashi 5 a otal da gidajen abinci. Ga duwatsun Shere, ga ruwan Assop, ga dutsen Riyom, ga na Wase, ga gidan tarihi tun 1952. In za a karɓi ɗan wani abu a gyara hanya da banɗaki a wuraren nan, ni zan biya.

Baba_Mai_Masauki:
Kawu, ka zo ka duba littafin baƙina. Cikin mutum 10, 8 'yan kasuwar dankali da kayan miya ne, da masu kawo yara makaranta, da masu jinya, da 'yan biki. Su za ka caja. Abin da Nas Hauwa ta faɗa ne zai faru da mu. A fara samun zaman lafiya mai ɗorewa baƙin su dawo tukuna.

Kawu_Farin_Gada:
Na ji wannan. Amma kuɗin ƙofa a Assop fa, a bar wa mutanen ƙauyen wani kaso a rubuce?

Ummi_Bukuru:
Jama'a mun bar Hajiya a Zanzibar mun taho Assop. A koma kan tambayarta don Allah.

Tikiti_Terminus:
To Hajiya, ga abin da zan iya cewa. Sunan harajin da kuka biya na ababen more rayuwa ne, hukumar tara kuɗin shiga ta Zanzibar ke karɓa, yana shiga hannun gwamnatin tsibirin. Gwamnatin ta yi tituna, an kuma gina sabon ɓangaren filin jirgin da kuka sauka. Sai dai titi da filin jirgi baƙo da mai otal ne suka fi morarsu. Famfon Nungwi kuwa kin gani da idonki, gani ya kori ji.

Ni darasin da na ɗauka daga zaren nan, daga yau duk wanda zan kama wa masauki zan rubuta masa harajin a takarda tun kafin ya biya. Kuma zan riƙa nuna wa mutane ƙananan masaukan 'yan gari, ga mai so.

Malama_Rikkos:
Ƙarin bayani kaɗan ga Kawu. A tsibiran Hawai na Amurka gwamna Josh Green ya sa hannu a Mayu 2025 a kan ƙarin kashi 0.75 a harajin masauki, ya koma kashi 11 daga Janairu 2026, bayan gobarar garin Lahaina ta 2023 da ta kashe sama da mutum 100. Sun ce kuɗin na kare gaɓar teku da rigakafin gobara ne. Tunda kaso ne na kuɗin ɗaki, mai ɗaki mai tsada shi ke biya da yawa, ka ga an amsa kukan Baba. Amma kukan Nas Hauwa na nan, don ɗan Hawai da ya je wani tsibirin ya kama ɗaki shi ma yana biya.

Dan_Gangare:
Har yanzu ina nan a kan bakana: in ba za a manna lissafi a inda kowa zai gani ba, kamar yadda ake karanta kuɗin masallaci ranar Juma'a, kar a karɓa. In za a manna, ni ma zan biya.

Maman_Ilham:
Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya bar zumunci. Na karanta wa Baban Ilham amsoshinku bayan isha'i. Da na zo kan maganar Baba_Mai_Masauki sai ya yi shiru, ya ce yarinyar nan bai kyauta mata ba, zai rubuta wa otal ɗin a ba ta haƙuri a madadinsa.

Matar da ke gyara mana ɗaki ta ba ni lambarta ranar da za mu taho. Ta ce mini ita ma sai ta ɗebo jarka 4 kafin ta zo aiki ƙarfe 7. Na tura mata saƙo ɗazu ina tambayar ko famfon ya kawo yau. Injiniya, in mutum na son taimaka wa unguwa ɗaya da tankin tara ruwan sama irin wanda ka ce, mai lita nawa ya kamata a nema wa gida mai mutum 8?

Injiniya_Shere:
Hajiya ki tambaye ta faɗin rufin gidan da ko na kwano ne, sai in yi miki lissafi. In rufin ganyen kwakwa ne sai an fara sauya shi, ruwansa ba ya shayuwa.